Haba Tsohuwa, Shiga Mana

Ko komai zai sulale mini daga kai saboda tsufa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na nemi in sa gwiwar surukina a lamba biyu ba. Na faɗa muku tun da wuri ne don mai dariya ya yi ya gama, sannan ya gyara zama ya ji yadda aka yi.

Lokacin ba a daɗe da canja mana fam da sule zuwa naira da kwabo ba, ruwan dam kuma ya fara gangarowa ta kanal-kanal ɗin simintin da aka gina tsakanin Kura da Bunkure. Mutanen da suka saba kashe rani a gindin bishiya sai ga su tsundum cikin alkama da tumatir. Ni aikina a ofishin noman rani shi ne buɗe ƙofar ruwa da rufe ta. Da safe in murɗa wani ƙarfe ruwa ya shiga gonaki, da yamma in murɗa shi baya. (A gida na ce musu ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma ai ban yi ƙarya ba.)

Akwai wata yarinya, Hansatu, da take kawo nono bakin ofis. Na sha nono a shekarar nan har cikina ya fara ƙorafi, don dai in samu abin da zai tsayar da ni a gabanta. Ta yarda da ni, na yarda da ita. Matsalar ita ce mahaifinta, Baffa Buba, wani dattijon Bafulatani mai shanu da gonar dawa a hanyar Bunkure, dogo siriri, wanda sai ya yini bai yi magana goma ba. Da Kawuna ya je masa da zancen, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, murɗa ƙarfe ba sana'a ba ce, ranar da ruwa ya ɗauke, me yaron zai murɗa? Ya samo abin yi a hannunsa kafin kaka, a sake magana. Kuma kowa ya san akwai wani tela a Kura mai keken ɗinki sabo fil da yake jiran in yi tuntuɓe.

Shi ya sa na liƙe wa Maigida Sale, direban ofishinmu, na ce ya koya mini tuƙi. Sale mutum ne mai tumbi da tsokana, amma a kan mota ba ya wasa. Ya fara da ni a wata tsohuwar jif da 'yan kwangila suka bari, wadda kowa yake kira Tsohuwa. Giyarta wani dogon ƙarfe ne da ya fito daga ƙasa a gefen ƙafar direba, kamar muciya, da dunƙulen kai a sama.

(Ita kanta kalmar sai da ta ja mini. Ranar da na ce wa Innata na gaji, tun safe nake fama da giya, sai ta saki ludayi ta hau salati. Na fi rabin sa'a ina rantsuwa cewa ta mota nake nufi, ba ta kwalba ba.)

Sitiyari bai ba ni wahala ba, birki ma haka. Canjin giya ne ya tona mini asiri. Da na taka kuloci na finciki ƙarfen nan sai Tsohuwa ta yi wani irin gurnani, ƙurrr, har shanun da ke shan ruwa a kanal su ɗaga kai. Wata rana wata mata ta fito daga gida da ƙwaryar gero a ka, ta tsayar da mu tana tambaya ko mu ne muka kawo injin niƙa. Daga ranar nan ba wanda ya sake kirana da sunan da aka yanka mini rago, na koma Mai Niƙa.

"Kai matsalarka faɗa kake da ita," in ji Sale. "Giya ba a yi mata dole, lallashinta ake. Taka kuloci har ƙasa, ka fitar da ita firi, wato tsakiya, ka ɗan ja numfashi, sannan ka kai ta. In ta ƙi, kar ka danna. Mayar da ita tsakiya, ka ɗan girgiza ta hagu da dama, ka sake gwadawa a hankali. Kuma in na ƙara ganin ka sunkuyar da kai kana kallonta, sai na mare ka. Ido na hanya ne, hannu ya san gidansu."

Na ɗauki maganar nan kamar karatun allo. A gida na cika wata tsohuwar tukunya da yashi, na kafa muciyar Inna a ciki, na ajiye takalma uku a ƙasa a matsayin kuloci da birki da totur. Kullum bayan la'asar ina zaune a kan turmi, ido a rufe, ina lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, ina yi wa kaina ƙarar inji da baki. Maƙwabta suka fara yi wa Inna jaje a fakaice. Amma cikin wata biyu hannuna ya faɗa. Ina jin muryar inji ta canja, hannun dama zai tafi da kansa ya kamo kan giyar. In ta yi gardama in girgiza ta in ce, "Haba tsohuwa, shiga mana," sai ta shige sumul. Na fara tafiya ina kaɗa makullin da ba nawa ba.

Ana nan aka kawo wa ofis sabuwar a-kori-kura, fara tas, ledar kujera ma ba a cire ba. Ranar kasuwar Bunkure Sale ya miƙo mini makulli.

"Yau zan gwada ka. Ka kai mu Bunkure ka dawo ba niƙa ko sau ɗaya, gobe in gaya wa injiniya a tura ka Kano gwajin lasin."

Na shiga, na kai hannu ƙasa, na ji wayam. Sale ya nuna mini wani ɗan siririn ƙarfe a jikin sitiyari, ya ce ga giyarta nan, ta zamani ce. Ya nuna mini gidan kowace lamba, na gwada sau uku a tsaye, na ce ai wannan wasan yara ne. Muka hau hanyar bakin kanal, ina canjawa ina tunawa, komai lafiya lau. Har na fara ƙiyasta irin hular da zan saya ranar ɗaurin aure.

Ba mu yi nisa ba Sale ya ce in tsaya. Wa zan gani a gefen hanya? Baffa Buba, sanda a kafaɗa, yana janye da rago zai kai kasuwa. Na roƙi Sale da ido, ya yi kamar bai gani ba. Na fito na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wata gonar tumatir can nesa, kamar yadda ya kamata. Aka ɗaure rago a baya. Sale ya ba dattijon bakin ƙofa don girmamawa, Baffa ya ce shi bai yarda da ƙofar da ba ta da sakata ba, a tsakiya zai zauna. Haka muka jeru mu uku a kujera ɗaya: ni, uban Hansatu, sai Sale da tumbinsa yana matso mu.

Duk wanda ya san kunyar suruki ya san halin da na shiga. Ban isa in juya wajensa ba, numfashi ma a ɗan sace nake yi. Na kafe idona a kan hanya, gumi yana bin bayana. Na tashi motar lafiya, na kai ta har lamba uku lafiya, Sale yana ta zuba surutu a kan farashin raguna.

Sai muka iso wata siririyar gada da ta haye babban kanal, mai ɗan hawa kafin a kai kanta, ba ta da ko ƙarfen kariya a gefe. Shanu suna gangarowa daga kanta. Na rage gudu, inji ya fara tari yana neman lamba biyu. Kaina yana wajen shanu da gada da dattijon da ke gefena, sai hannu ya tafi gidansu kamar yadda aka koya masa. Ya sauka ƙasa, ya sami wani dunƙulen abu mai ƙarfi daidai inda kan giyar Tsohuwa yake zama, ya damƙe. Na taka kuloci, na ja baya. Ta ƙi.

Da a ce ni dolo ne wanda bai yi karatu ba, da nan zan duba. Amma ni ɗalibin kirki ne. Ban sunkuyar da kai ba, ban danna ba. Na mayar da ita tsakiya, na girgiza ta hagu da dama a hankali, na ɗan shafa kanta da babban yatsa, sannan na buɗe baki da muryar lallashi na ce, "Haba tsohuwa, shiga mana."

Surutun Sale ya yanke. Motar ta yi tsalle biyu ta mutu a tsakiyar gada. A cikin shirun nan ne na lura cewa giyar tana da ɗumi, kuma tana sanye da wando.

Baffa bai motsa ba, bai kalle ni ba. Ya juya wajen Sale a natse ya ce, "Malam Sale, me yaron nan yake nema?"

Sale, wanda hawayen dariya ya riga ya cika masa ido, ya ce, "Baffa, giya yake nema."

"Giya." Baffa ya dubi gwiwarsa. "A jikina?"

Na so in buɗe ƙofa in ruga, to amma ƙofar a kan ruwa take buɗewa, ni kuma ban iya iyo ba. (Na yi tunanin faɗawar duk da haka, na rantse.) Sale ya shiga bayani yana shaƙewa da dariya, yana nuna ƙarfen sitiyari, yana rantsuwa ba ta kwalba ba ce. Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, har yanzu da Sale yake, "To ka gaya masa ya sake ta. Wannan ɗin ko a sallah da ƙyar take lanƙwasuwa."

Sai a lokacin na gane ban cire hannun ba.

Yadda na kai mu Bunkure, Allah kaɗai ya sani. Abin da na tuna shi ne Baffa ya tattara gwiwoyinsa biyu ya mayar wajen Sale, ya kafa sandarsa tsakanina da shi. Ban yi niƙa ko sau ɗaya ba, amma ban ji daɗin komai ba, don na riga na ga tela yana auna Hansatu don ɗinkin kayan lefe. Kafin a tashi kasuwa labari ya riga ni komawa Kura. Mako uku ina zagaye bakin ofis ta bayan gareji don kar in haɗu da ita, kuma gaskiya na yi kuka, ba sau ɗaya ba.

Da lasin ya fito, Kawu ya ce dole a koma a ji matsayi, ko da korar ce a karɓo ta da hannu. Ya tafi, na zauna a zaure ina jiran hukunci. Ya dawo yana ƙunshe dariya, ya ce Baffa ya ce a turo magabata. Wai ya yi shekara hamsin yana kallon yadda mutane suke yi da saniyar da ta ƙi tafiya, yawancinsu sanda suke ɗagawa. Wannan yaron abu ya ƙi masa a tsakiyar gada, ga tsoro ga gumi, bai finciki ba, bai zagi ba, sai ya ce haba. Ya ce kafin ya bayar sai da ya aika aka tambayo limaminmu ko ina sha, aka ce masa ko goro ban iya ci ba.

Na yi shekara talatin da wani abu ina tuƙi, kuma har Baffa ya koma ga Allah bai sake zama gaban motata ba. In na matsa masa sai ya ce wa Hansatu ta gaya wa direba bayan ma ya ishe shi. Yanzu ita ce take fama da ciwon gwiwa, kullum da safe ni nake shafa mata man zafi. In na ɗan matsa sai ta ce, "A hankali, Mai Niƙa, gadon gidanmu ne, ba ta shiga lamba biyu."

Duk yaron da na koya wa mota na gaya masa abin da Sale ya gaya mini, giya lallashi take so, kuma ido na hanya ne. Sai dai nakan ƙara masa ɗaya daga aljihuna: in ka ja ta ƙi, kafin ka fara yi mata daɗin baki, saci kallo sau ɗaya ka ga ko tana da wando.