Rasuwar 'Yar Jidda, Bidiyon Gidan Malam Magaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai ƙwallar da mai shi ya rantse mura ce, Malam Magaji Haruna, nas a ɗakin tiyata na asibitin koyarwa, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi, yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan kallo rasuwar na'urarsa ta bidiyo, wadda unguwa ta fi sani da 'Yar Jidda. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, tsakanin la'asar da magariba, a kan teburinta na falo, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala. Ta rasu da kaset a cikinta, kuma ba kowane kaset ba. Na bikin sunan 'yarsa Safiya ne, shi kaɗai ne a duniya yake ɗauke da mahaifiyarsa, marigayiya Inna Indo, tana motsi tana magana.

An haifi mamaciyar a ƙasar Japan, ta yi ƙuruciyarta a wani kanti a Jidda, inda Inna Indo ta gan ta a kan hanyar dawowa daga aikin hajji, ta naɗo ta cikin bargo ta kawo wa ɗanta tsaraba. Shekara bakwai ta yi a ƙarƙashin mulkin soja ba ta taɓa cewa uffan ba. Sai ga shi wata biyu kacal da miƙa mulki ga farar hula ta faɗi, har masu neman magana suna cewa 'yancin ne bai karɓe ta ba. Iyalan suna roƙon a raba wannan rashi da siyasa.

Idan ana maganar haƙuri, a sa sunanta a gaba. Duk wanda ya taɓa zama kallon fim da Malam Magaji ya san abin da ake nufi. Mutum ne da bai yarda a yi masa ƙarya ba, ko da kuwa ƙaryar da aka tara mutane musamman don a yi ce. Da likita ya fito a fim, Malam zai gyara zama. Sai a ji “ƙwas!”, ya tsayar da hoto, ya tashi har gaban talabijin ya ɗora yatsa, ya tambayi jama'a ina robar ƙarin ruwan nan ta nufa, tunda ga ta nan ta bi ta bayan katifa ba ta shiga jijiyar kowa ba. Ya tambayi dalilin naɗa bandeji a kan hula. Ya tambayi yadda aka yi likita ya riƙe hoton ƙirji a kife, ya kuma gano hawan jini a cikinsa. Daga nan sai “fiiiii”, 'Yar Jidda ta koma baya don wanda bai gani ba ya gani. Wanda ya gani ma ya sake gani, ko yana so ko ba ya so.

Sau dubu nawa ta yi wannan komawa baya, Allah kaɗai ya sani. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Fim ɗin da mutanen kirki suke gamawa cikin awa biyu, a gidan Malam Magaji sai a fara shi bayan azahar, a kira magariba jarumi bai ko gano wanda ya kashe ubansa ba.

Babban abokin zamanta shi ne Ɗan'azumi direba, maƙwabcin gidan, wanda Allah ya halitta da kyautata wa 'yan fim zato. Ba a taɓa nuna abin da ya gagare shi fassara ba. In Malam ya ƙirga harsashi goma sha bakwai daga bindiga mai cin shida, Ɗan'azumi zai ce ai ta Turawa ce, ba irin ta maharban garinsu ba. In aka harbi jarumi a ƙirji ya tsaya ya yi jawabin minti goma, Malam yana lissafin jinin da ya zuba kwalba-kwalba, Ɗan'azumi zai ce wannan a tsume yake, kakansa ma haka yake. Ranar da jirgin 'yan sama-jannati ya fashe a wani fim da ƙara har tagogi suka girgiza, Malam ya bayyana cewa can sama babu iskar da za ta ɗauko ƙara, Ɗan'azumi ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Kwana uku ba su gaisa ba. 'Yar Jidda ce ta sulhunta su, da wani fim ɗin 'yan Chana da dukansu suka yarda ba a tsallake katanga da baya.

Ta rasu ta bar mijinta, talabijin mai inci goma sha huɗu, wanda tun ranar yake zaune shiru da fuska shuɗiya. Ta bar rimot guda ɗaya, ɗaure da kyauro tun da murfinsa ya ɓata, da kaset sittin da 'yan kai a cikin kwalin taliya. Ta bar Husaina, matar gidan, wadda ta rayu da ita shekara bakwai ba ta taɓa ganin ƙarshen fim a zama ɗaya ba. Ta kuma bar tambayoyi marayu da babu mai ɗaukar nauyinsu, mafi yawansu na Husaina. Yaushe yarinyar nan ta canza kaya sau biyar a tsakiyar waƙa ɗaya, kuma wa yake riƙe mata akwatin a kan dutsen? Jaririn da aka ajiye a farkon fim, wa ya shayar da shi? Malam bai taɓa amsa irin waɗannan ba, yakan ce ba fanninsa ba ne.

Ciwon ajali ya faro ne bara, bayan rasuwar Inna Indo. Da aka share makoki, Malam ya lalubo kaset ɗin suna. A cikinsa akwai wurin da Inna ta fito daga kicin da kwanon waina, ta ga mai ɗaukar hoto, ta juyo, ta faɗi wata 'yar gajeriyar magana, ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Duka bai fi daƙiƙa goma ba. Amma mai hoton, kamar yadda suka saba, ya bi kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe ya shimfiɗa kiɗa a kai, ya danne muryar kowa. Ana ganin bakin Inna yana motsi, abin da kunne yake ji kalangu ne.

Me ta ce? Wannan ita ce tambayar da ta kashe 'Yar Jidda. Husaina ta ce cewa ta yi a zo a ci tun da zafi. Ɗan'azumi ya rantse sunan Magaji ta kira. Malam bai yarda da ko ɗaya ba, domin shi mutum ne mai son hujja. Kullum ya dawo daga aiki, kafin ya cire fararen kaya, sai “ƙwas”, sai “fiiiii”, ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin, yana bin leɓen mahaifiyarsa da nasa. Bai taɓa neman kuskure a wannan fim ɗin ba. Kewarta kawai yake yi, kuma bai san yadda ake faɗa ba.

Da tafiya ta yi nisa, hoto ya fara yayyafi, wasu layuka suna ratsa fuskar Inna. Da wani ne, sai ya ɗauki na'ura ya kai wa mai gyara. Malam kuwa shekara goma sha biyar yana tsaye a gefen likitoci ana buɗe cikin ɗan Adam, ina dalilin da akwati zai ba shi tsoro? Ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safar roba, ya kwance murfi, ya danƙo auduga da ɗan hantsakin tiyata, ya tsoma a sifirit, ya goge mata ƙarfen nan mai juyawa da ke karanta hoto, tsaf, kamar yadda ake goge ciwo. Bai san audugar da ke warkar da mutum ita ce ajalin bidiyo ba. Zarenta ya sarƙe a ciki ya karya wani ɗan haƙori da ido da ƙyar yake gani. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma da ya tashi gwaji, duk kwalin nan na kaset sittin, hannunsa bai kai kan kowanne ba sai na suna.

Waɗanda suke wurin sun ce ta karɓe shi kamar kullum. Ta kai daidai inda Inna ta juyo, sai ta ce “kir… kir… kirrr”, ta yi wani “ƙarƙas” mai kama da tauna ƙashi, 'yar jar fitilarta ta lumshe.

An garzaya da ita rumfar Garba mai gyaran rediyo a kasuwar Tarauni. A karo na farko a rayuwarsa, Malam Magaji ne a kan benci a waje, wani yana aiki a ciki. Bayan kamar awa ɗaya Garba ya fito, ya cire tabarau, ya girgiza kai a hankali, abin da Malam ya sha rantsuwa likitan gaske ba ya yi. Uwar ba ta tashi ba. Kaset ɗin an ceto shi, sai dai ta tauna kamu biyu na zarensa, dole Garba ya yanke wurin ya haɗa bakin da salatif. An gwada a wata na'urar. Ragon suna yana nan, wanzami yana nan, ga 'yan uwa suna ta cin shinkafa har da masu ƙari. Ƙofar kicin ta buɗe, hoto ya yi ɗan tsalle, sai ga makaɗa. Garba ya ce aikin ya yi kyau, wanda bai sani ba ba zai taɓa lura ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a rumfar Garba, inda za a raba sassan jikin mamaciyar ga na'urori marasa lafiya, gangar jikin kuma a miƙa wa 'yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a gida, Gyaɗi-Gyaɗi, har kwana uku, daga hantsi zuwa la'asar. Ba za a nuna fim ba.

Iyalan suna da roƙo guda ɗaya ga masu zuwa ta'aziyya, musamman abokan aiki da ɗaliban asibiti masu ilimi. Zaren da aka yanke yana wurin Malam, a cikin ambulan magani, a aljihun gaba. Wanda ya iske shi a ƙofar gida ya ɗaga shi saitin rana yana ƙura masa ido, don Allah ya yi sallama ya zauna. Kada ya yi masa bayanin cewa ba a ganin hoto a jikin zaren kaset.

Ya sani.