Sarkin Barci da Kwamfutocina Biyu

Ko zan manta da komai na zaman aikin gwamnati, ba zan taɓa mantawa da walimar da muka yi wa Daraktanmu a Unguwar Rimi ba. Har yau in hanya ta bi da ni ta layin gidansa, sai in ji na sunkuyar da kai ba tare da kowa ya ce min komai ba.

A ƙarshe-ƙarshen shekarun 1990 ne. Ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishi a nan Kaduna, amma ni kaɗai ne a duk benen nake da kwamfuta biyu. Akwai babba ta tebur a ofis, mai ƙugi kamar firij, sannan ga laftof, wato ƙaramar da ake ninkewa a saka a jaka. Wani shirin tallafi ne ya kawo mana ita, Darakta kuma ya sa hannu aka ba ni aro saboda ni na je kwas. Manyana da dama sun sa mata ido. Kowa ya san kalma ɗaya daga bakin Darakta ta isa a karɓe ta, in koma ɗakin fayil inda na fito, in ci gaba da shaƙar ƙurar takardu. Ni kuwa da in rabu da laftof ɗin nan gara a raba ni da babur ɗina.

Ba cika baki ba, na iya riƙon su. Fulofi biyu na ware, wato 'yan faya-fayan da ake kwafe aiki a ciki: ja na ɗaukar aiki daga ofis zuwa gida, shuɗi na dawo da shi. Ba na tashi daga ofis sai na kwafe abin da na taɓa a ranar, ba na fita daga gidana a Malali sai na yi haka. Sunayen fayil iri ɗaya, girman rubutu iri ɗaya, faɗin gefen takarda iri ɗaya, har kalar fuskar allo sai da na daidaita. Hassana da Usaina nake kiran kwamfutocin, babbar ce Hassana. Duk wanda ya shigo ofishina, ko biro ya zo aro, sai ya sha bayani. (Matata ta ce ko 'ya'yana ban taɓa yi wa anko da irin wannan himma ba. Ban musa ba.)

To, shi Darakta mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai da an zauna taro aka kunna fanka, ya tafi. Zai haɗa hannuwa a kan tumbi, ya lumshe ido kamar mai nazari, can sai ka ji numfashi ya canja. Saboda haka a bayan idonsa kowa Sarkin Barci yake ce masa, daga masinja har mataimakinsa. Ba ni na raɗa ba, wannan ina so ya shiga tarihi.

Laifina ɗaya ne. Sunansa a takarda dogo ne: Mai Girma Darakta, Alhaji, Injiniya, sunansa, sunan mahaifinsa, da jerin haruffan digiri. (Ba zan faɗi sunan ba, 'ya'yansa suna nan garin kuma sun fi ni ƙarfi.) Wata Asabar ina gida ina tone-tone a laftof, sai na gano ana iya koya mata gajeriyar hanya: ka buga kalma ɗaya ko biyu, ita ta goge su ta zuba cikakken abin da kake nufi. Da na tashi zaɓar kalmomin da zan riƙa bugawa a madadin sunan Oga, shaiɗan ya raɗa min, na zaɓi Sarkin Barci. Abin ya yi kyau ba kaɗan ba. In buga tsokana, ta fito da girmamawa. Watanni ina haka, don yawancin wasiƙun da ke ɗauke da sunansa a gida nake tsara su, har yatsuna suka haddace. Abin da ban sani ba shi ne, wannan saiti ba fayil ba ne, ba ya bin fulofi. Yana can cikin Usaina, Hassana ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Ana nan sai garinsu suka naɗa shi sarauta, ofis ya shirya masa walima a gidansa bayan La'asar. Ran nan da gangan na bar laftof a gida, don akwai hadari kuma ba na son ruwa ya taɓa ta. Wajen azahar sai ga Malam Isiyaku, mataimakin Darakta, da jawabin taya murna rubuce da hannu.

"Ka buga min wannan yanzu-yanzu, a yi fotokofi a raba wa baƙi. Ina ƙaramar taka?"

"Tana gida, ranka ya daɗe. Ai duk ɗaya ne, abin da ke cikin waccan shi ne a cikin wannan."

Na zauna a gaban ta tebur. 'Yan matan da ke aiki da tafireta suka zagaye ni suna kallo, ni kuwa nan da nan kaina ya kumbura. Na kafa ido a kan takardar Malam Isiyaku, ban ko kalli allo ba, don su ga yadda ƙwararru ke yi. Yatsu na gudu, ina ma amsa gaisuwar masu wucewa. Duk inda na ga an rubuta Darakta, hannuna ya yi abin da ya saba. Wata a cikinsu ta ce, "Oga, ba za ka duba ba?" Na ce mata, "Hajiya, masu koyo ke dubawa." Na tura wa firinta, na miƙa wa masinja ya ruga wurin fotokofi, na tafi alwala ina jin kaina kamar wanda ya ƙera kwamfutar.

Gidan ya cika. An kafa rumfuna a tsakar gida, maza a gefe, mata a gefe, ga dattawan garinsu sun sha rawuna a sahun gaba. An ɗora takardar jawabi a kan kowace kujera. Ni na samu wuri kusa da gaba, na gyara zaman hula, ina jiran a tambayi wanda ya tsara wannan kyakkyawar takarda. Na lura wasu abokan aikina suna leƙa takardar suna toshe baki da hannun riga, na ɗauka santin aikin suke yi.

Malam Isiyaku ya karɓi lasifika. Shi mutum ne da idonsa ba ya riga bakinsa, abin da ya tarar shi yake karantawa. Ya yi sallama, ya yi salati, ya gyara murya.

"A madadin dukkan ma'aikata, muna taya shugabanmu kuma ubanmu, Sarkin Barci, murnar..."

Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Maimakon ya haƙura, bawan Allah sai ya tsallaka sakin layi na gaba don ya tsira.

"Tun ranar da Sarkin Barci ya kama aiki a ofishinmu..."

Wani direba ne ya fara tuntsirewa daga baya, sai wuri ya ɗauka. Mata suna dariya cikin mayafi, manyan ofis suna tari na ƙarya. Wani dattijo mai rawani ya juya ya tambayi na kusa da shi da ƙarfi, "Yo wace sarautar aka ba shi ne? Ba wannan muka naɗa ba!" Ni kuwa na ɗauki takardar da tun zuwana nake zaune a kanta, na duba. Sunan yana ko'ina, daga kanun jawabi har addu'ar rufewa, kuma da baƙaƙen haruffa masu kauri, don na ƙawata shi. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, ga sunana a matsayin wanda ya tsara. Ni na saka da hannuna, don kada wani ya ci yabon aikina.

Na ɗaga kai a hankali na dubi Darakta, sai na ga ya haɗa hannuwa a kan babbar riga, ido a lumshe. Wallahi dariyar ce ta tashe shi. Ya buɗe ido, ya ga jama'a na annashuwa, shi ma ya yi murmushi yana gyaɗa kai. Sai uwargidansa ta aiko masa da takardar, ta ja layi da jan biro. Ban tsaya cin shinkafa ba. Tura babur na yi har bakin titi kafin in tayar, kada a ji fitata.

Ranar Litinin na goge ƙurar laftof tas, na naɗe wayarta, na sa ta a jaka, na je amsa kira. Hawaye ne kawai ban yi ba.

"Zauna," in ji Darakta. Takardar na gabansa. "Kai ka sa min sunan?"

"Wallahi Yallaɓai tarar da shi na yi."

"Na sani, ya girme ka a ofishin nan. Abin da nake tambaya, yaya aka yi ya shiga takarda?"

Na buɗe laftof, na nuna masa. Na buga kalmomin biyu a gaban idonsa, suka ɓace, cikakken sunansa ya bayyana har da digirorin. Ya matso da kujera. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce in kuma.

"Ikon Allah. Wato wannan tana da ladabi, waccan ce ba ka yi wa tarbiyya ba." Na mayar da ita jaka, na miƙa masa jakar. Ya ture ta. "In karɓa in ba wa? Isiyaku, da ko abin da ke gabansa ba ya gani? Riƙe abarka. Ka je ka koya wa babbar, amma ka canja kalmar. Kuma daga yau kowane taro kai ne mai rubuta bayani, kujerarka tana jikin tawa. In ka ga na hau gadon sarauta, ka taɓa ni."

Haka na yi shekaru ina zungurar Darakta da gwiwar hannu a gaban manyan baƙi, laftof a kan cinyata, kuma ba wanda ya sake yi mata kallon sha'awa. Daga ranar ban ƙara yarda cewa kwamfutoci biyu sun zama ɗaya don fayilolinsu sun yi daidai ba, sai na zauna na gwada kowane saiti a nan, na gwada a can. Gulmar shugaba kuwa na mayar da ita inda magabata suka bar ta, wato a baki, inda mutum zai iya rantsewa bai faɗa ba.