Ciyawar da ta zo ta jirgi

Akwai wani abokinmu injiniya, ba sai na kama suna ba, wanda tun da ya je kwas ƙasar waje ya dawo mana da ciwon shuke-shuke. A gaban otal ɗin da ya sauka ya ga wata ciyawar ado mai fitar da farin kai kamar auduga. Ya lallaɓi mai ban ruwa ya tsuge masa 'yar saiwa, ya naɗe a safa, ya tsallako da ita cikin jaka. Shekara biyu yana renonta a tukunyar siminti a ƙofar falo. Ya yi mata rumfa saboda rana, kuma har gun mai unguwa ya kai ƙarar akuyar maƙwabta don ta shinshine ta. Mu dai duk wanda ya je gidan, sai ya gaisa da ciyawa kafin a ba shi ruwan sha.

Da ta cika tukunya har tana neman fasa ta, sai ya yi wa maƙwabta alkawarin ranar Asabar zai raba, kowa ya samu ya dasa. Sai dai gogan naka bai san sunanta ba, balle yadda ake raba ta. Tsoronsa ɗaya, kada ya sa wuƙa ta mutu, ya sha kunya a gaban mutanen da ya cika wa kunne. Ya ɗauki hoto ya tura wa duk wanda ya taɓa leƙa ajin aikin gona. Kowa ya turo dogon suna da Turanci, babu biyu da suka zo ɗaya.

Ana gobe Asabar sai ga ƙanin mahaifinsa, Baffa Jatau, an kawo shi daga ƙauye a duba masa yanar ido. Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tukunyar. Tsoho ya miƙa hannu ya shafa ganyen, ya cusa yatsa cikin ƙasa, wani tsiro ya soke shi. Ya janye hannu, ya tambayi ɗan nasa wane maƙiyi ne ya yi masa wannan aika-aika.

Injiniya ya gyara tsayuwa ya kwashe tarihi tun daga otal har safa.

Baffa ya ce, “Tofa ce.”

“Haba Baffa, idon ne. Wannan fa ta jirgi ta zo.”

Tsoho bai yi musu ba. Ya ɗaga ƙafa ya nuna masa tabon tsiro a dunduniya, ya ce shi ba da ido ya san ta ba. Ita ce ta cinye musu gonar fadama kakaf, har yayansa, mahaifin injiniya, ya gaji ya ce a kai yaron nan boko, ko shi ya tsira daga gare ta.

Injiniya ya dubi rumfar da ya yi mata. Amma alkawari kaya ne, kuma gobe mutane za su zo da bokitai. Ya rage murya ya ce, “To Baffa, tunda ka san ta, yaya zan raba ta don kada ta mutu?”

Baffa ya gyara kishingiɗa ya ce, “Raba yadda ka ga dama, ɗana. Shekara arba'in ina bin ta da garma da wuta. In ta mutu a hannunka, ka aiko mota a ɗauko ni in koya.”