Turmin Bushiya

A wani daji da ke bayan kogi, an yi wata Bushiya mai sana'ar fura. Turminta ɗaya tak, na ƙirya, amma masu sayen fura sun mai da shi kujera. Da ta kwantar da shi, sai wani ya ɗare. Ranar da Gwanki ya zauna har turmin ya soma tsagewa, ranta ya ɓaci, ta ce, "Duk wanda ya ƙara zama a kan turmin nan, wutsiyarsa sai ta guntule!" Ita kanta ba ta san inda ta samo maganar ba.

Washegari Ƙadangare, wanda bai ji gargaɗin ba, ya hau turmin yana shan hantsi. Shaho ya kawo masa sura. Ya tsira da ransa, wutsiya kuwa ta tafi.

Kafin azahar majalisar daji ta hallara a gindin tsamiya. Kunkuru, shugaban masana, ya gyara murya ya ce, "Jama'a, wannan doka ce ta kakanni. Tun ina yaro nake jin ta, ban dai so in tayar muku da hankali ba ne. Shawarata, a kori Ƙadangare daga daji kafin abin ya shafi masu wutsiyar kirki."

Biri ya rungume wutsiyarsa, ya ce ya goyi baya.

Bushiya ta dubi Ƙadangare, tsohon mai sayen furarta, yana ta gyaɗa kai don tsoro, sai tausayi ya kama ta. Ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na ƙirƙiro maganar nan jiya, don a bar mini turmina. Babu kakan da ya sani."

Majalisa ta fashe da dariya. Kunkuru ya ce, "'Yar nan, ke da aka haifa shekaranjiya, ina ke ina ƙirƙiro abin da muka gada? Amma tunda mai turmi ta yafe, mu ma mun yafe. Ƙadangare ya zauna."

Aka yi ta guɗa. Bushiya ta dama fura kyauta, kowa ya sha a tsaye, turmi na gefe ana ba shi girmansa. Ta so ta sake bayani, ta ga ba mai bukata, ta ci gaba da damu tana murmushi.

Ana cikin shan fura, wani Ɓera ya ɗaga hannu ya ce shi ma ya tuna wata dokar kakanni: duk wadda ta rufe tukunyar abinci da murfi, ta rufe arzikin gidanta. Kunkuru ya ce lalle ya san wannan ma.

Tun daga ranar ba a ƙara rufe tukunya a dajin ba, kuma har yau kwamitin masana yana binciken abin da ke sa ɓeraye ƙiba.