Kiɗan Kashi Na Biyu

"Lafiya lau, mijin banza. Ashe ba ka manta hanyar gidan ba?"

"Ina fa zan manta, tsohuwa? Tun daga bakin titi nake jin tarinki."

Kaka na zaune a falo kan kujerar da ta lotsa daidai jikinta. Shekara biyu ke nan da jikanta, wanda ta raina tun daga yaye, ya samu aikin gyaran injina a wani gari mai nisa. Tun tafiyarsa gidan ya yi tsit. Makon jiya ta kira shi a waya, ta ce in zai zo ya kawo mata kiɗan gem ɗin nan, wasan kwamfutar da ya yi shekaru yana bugawa a ɗakinsa.

"Ina saƙona?" in ji ta.

"Ko ruwa ba za ki ba ni ba? Wace irin mata ce ke?"

"Irin wadda miji ya gudu ya bari. Ga firji can, ƙafafunka ba na aro ba ne."

Ya zaro 'yar ƙaramar sifika daga jaka, ya ɗora a kan tebur, ya danna. Ganguna da ƙahoni suka cika falon.

"Kashe! Kashe! Wannan ai kashi na huɗu ne, inda ake ta sare-sare."

Ya saki baki. "Ke kin san na huɗu? Ke da har yau ba ki iya rage fanka ba?"

"Na biyu na ce maka, mai kunnen ƙashi. Inda mutumin nan mai fitila ke tafiya shi kaɗai a bakin ruwa, sarewa na bin sa a hankali."

"Yaushe kika gani? Kullum ƙofata a rufe take."

"Ƙofar da sai an tokare ta da takalmi? Ina nan ina ninke kaya ina kallonka. Sau goma sha bakwai ka faɗa ramin nan, ina ƙirgawa. Ni da sandata da tuni na tsallake."

"Ke? Da dodon gem ɗin ya fito tsayawa za ki yi ki tambaye shi lafiyar iyali."

"Shi dai da ya amsa. Ya fi wasu da sai an kira su sau uku."

Ya sunkuyar da kai yana lalube a wayarsa, har ya samo. Sarewar ta fara, siririya, can ƙarƙashinta ana jin motsin ruwa. Kaka ta daina kallonsa. Ta juya wajen ɗakin nan, inda gadonsa yake a gyare, ba ko alamar an zauna a kai.

"Wai me za ki yi da shi?" ya tambaya.

"Rawa."

"Da wannan gwiwar?"

"Ina ruwanka da gwiwata, ka taɓa sai mata man shafawa?" Ta gyara mayafinta, muryarta ta sauka. "In an yi la'asar shirun nan yakan yi mini yawa. Na ce ko in na kunna shi a ɗakin can, na jawo ƙofa, zan ji kamar da mutum a ciki."

Ya dubi jakarsa. Motar yamma zai bi, gobe da safe yana da aiki, kuma ita ma ta sani. Ya tura mata kiɗan a wayarta, ya nuna mata inda za ta danna, ta gwada sau uku har ta iya.

"Ni ma ina kunna shi a can," ya ce. "Amma masu kiɗan nan sun yi mini ha'inci, sun cire wani abu."

"Me suka cire?"

"Daidai nan wurin, akwai wata tsohuwa mai muryar gwangwani da ke shigowa tana cewa, 'Kai, rage mana wannan ƙarar, ka fito ka ci abinci!' Ba ita, sai in ji kiɗan salam."

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ta share ido da bakin mayafi.

"Ka ci ni, ɗan nema. Kawo wayar. Ina ake ɗaukar magana?"

Ya danna mata. Ta gyara murya, ta zage shi tas, sannan ta ce a sake, wai na farkon bai fita da kyau ba.