Yadda Ake Gudu Daga Tambuwal Zuwa Kebbe Ba A Ce Matarka Ka Bi Ba

Kai angon bara, matso kusa. An ɗauke maka mata an kai ta gidan iyayenta goyon ciki, ko ba haka ba? Haihuwar fari ce, don haka al'ada ta ce ka zauna gida ka kame baki. Ba ka zuwa, ba ka tambaya, ko sunanta aka ambata sai ka dubi ƙasa. To ga magani. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari za ka isa inda ranka yake, ka dawo da kunyarka ba ta tsage ba, har da ribar ƙwarin ƙafa. An gwada a kan Dogo, badukun Tambuwal, wanda matarsa Hindatu take Kebbe, kuma ga shi nan da ransa.

1. Nemi dalilin da ba shi ne dalili ba

Babba ba ya tashi haka kawai ya kama gudu. Ka ce zama ya kwantar maka da jini. In ka fi son abin ya yi armashi, ka ce kana so ka shiga cikin 'yan aiken fada, masu kai saƙo Sakkwato da ƙafa.

Haka Dogo ya yi. Ya sami mahaifiyarsa Dada tana kaɗi, ya ce, "Dada, gudu nika so in koya, ko Allah shi sa fada ta ɗauke ni aike."

Dada ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Kai da ko kaza ta shiga rumfarka sai ka jira ta fita don kanta? To, Allah shi ba da sa'a."

Addu'ar uwa ce, ka karɓa, kada ka tsaya binciken abin da ke ƙarƙashinta.

2. Sanar da gari kafin ka ɗaga ƙafa

Wannan matakin Dogo ya tsallake, ya kuwa ji a jikinsa. A ƙasar nan abu uku ke sa magidanci gudu: gobara, mahara, ko sa ya tsinke. Ranar farko da ya fito bayan asuba ya zuba da gudu, matan da ke dawowa daga rijiya suka yar da tuluna suka rufa masa baya. Mai fura ta bi su. Wani tsoho da ya shekara yana dogara sanda ya wuce shi fuu kamar iska. Saura kaɗan mai tsaron ƙofa ya rufe gari.

Da aka tsaya ana haki aka ce, "Dogo, mi ya faru?" ya ce motsa jini yake yi. Abin da tsohon nan ya faɗa masa ba ya maimaituwa.

Saboda haka ka bi gida-gida ka shaida wa mutane. In kana gudu kuma ka riƙa murmushi.

3. Fara kaɗan, kada ka yi wa ƙafa ba-zata

Yau bakin rijiya, gobe gindin kukar bayan gari, jibi ka huta. Ka fita da sanyin safiya. Kada ka zura kamar ɓarawon akuya, yi sassarfa yadda in ka gamu da dattijo za ka iya gaishe shi har ka tambayi iyali numfashi bai ɗauke ba. Sha fura mai ruwa-ruwa, tuwo sai ka dawo. Rataya gora. Da yamma ka murza ƙafafu da man kaɗe, ka cire ƙaya tun ba ta yi ruwa ba.

Masana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Masanan nan dai matansu suna gida.

4. Ɓad da sawu

Kada kullum ka nufi hanyar Kebbe, mutanen Tambuwal ba yara ba ne. Wata rana ka yi Jabo, wata rana Sanyinna, inda ba ka da kowa sai gajiya.

Ka kuma kula da wuyanka. Atu, abokin Dogo na ƙuruciya, ya tare shi wata safiya ya ce, "Dogo, ni dai ban taɓa ganin mai gudu ya nufi Sanyinna yana waiwayen kudu ba. Mi ka aje can?"

In aka yi maka irin wannan tambaya, tari ya kama ka. Ka yi ta yi har mai tambayar ya gaji ya tafi.

5. Ci moriyar abin

Gudu yana da amfani, wannan ba wasa nake ba. Kafin wata ya juya, tumbin Dogo ya koma ciki, ciwon bayan zaman ɗinki ya tafi, tuwon da yake tsakura ya koma share akushi, barci kuwa sai an buga masa ƙofa.

Amfanin da ya fi duka yana can cikin daji. A gari dole ka ɗaure fuska, amma tsakanin gonakin gero babu mai kallonka. Dogo tsoro yake ji, tsoro sosai. Watan haihuwa ya tsaya, ya san yadda haihuwar fari take tafiya da mata, kuma ba shi da wanda zai gaya wa. A guje yake yi mata addu'a da ƙarfi, har da sunanta. In ka gamu da mutum ya ga idonka ya jiƙe, ka ce gumi ne.

6. Tambayi fatake komai ban da abin da kake son ji

In masu jakuna suka iso daga Kebbe, ka je ka tambaye su ruwan sama, lafiyar hanya, yadda dawa ta yi. Ka bar su su yi ta zuba, labari da kansa yake faɗowa.

Ya kuwa faɗo. Wani falke yana kwance kaya da tsakar rana ya ce, "Kebbe lafiya lau, sai dai gidan Malam Bube da munka baro mata na ta shiga da fita tun jiya. An ce wata ɗiyar gidan ce ke kan gwiwa, abin ya ƙi zuwa."

Malam Bube surukin Dogo ne.

A nan ya kamata in ce ka nutsu, ka ƙarasa hira, ka bari sai sanyin safiya. Dogo bai yi ko ɗaya ba. Ya bar rumfa a buɗe, ya manta gora, ya bi hanyar kudu cikin rana tsaka, babu murmushi, babu gaisuwa. Duk abin da na koya maka ya watsar, ban da ƙafafun da ya horar, su kuwa ba su ba shi kunya ba.

7. In ka isa, wucewa kake yi

Ba a tsayawa ƙofar surukai kamar mai bin saƙo. Dogo ya iso bayan la'asar, ya wuce zauren Malam Bube a guje, ya dawo, ya sake wucewa. Malam yana zaune kan buzu yana kallon ikon Allah. Can ya yi gyaran murya. Dogo ya tuɓe takalma, ya durƙusa daga nesa, yana haki.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Lafiya lau, Baba. Jini nika motsawa."

"Tun daga Tambuwal?"

"Hanyar ce ta yi daɗi, Baba."

"Madalla."

Malam ya sa aka kawo masa ruwa. Ya tambayi Dada, ya tambayi damina, ya tambayi fatu. Hindatu 'yar farinsa ce, shi ma bakinsa a ɗaure yake, ba ya ko kama sunanta. Dogo yana amsawa, kunnensa na cikin gida. Babu guɗa, babu kuka. Shirun nan ya fi masa tafiyar wahala.

Sai Malam ya dubi rufin zaure ya ce, "Tunda Allah ya kawo ka, dangar bayan gida ta ɓule, awaki na shiga. Da ni zan gyara, to hayaƙi ya hana ni. Tun safe mata ke dafa ruwan ganye wurin, kuma sun ce haka za su yi ta yi har arba'in. Ga kara can."

Ruwan wankan jego ke nan, kuma ba a dafa shi sai don mai rai. Dogo ya miƙe. Ya ɗauki kara ya zaga.

8. Gyara danga a hankali

Aikin suruki ba a yi masa gaggawa. Ɓular ba ta fi tafin hannu biyu ba, Dogo ya tsuguna ya sa ido don ya auna ta. Ga Hindatu kan tabarma, ta rame, tana shan kunun kanwa, da ɗan ƙunshi a cinyarta. Ta dubi danga. Ta ajiye ludayi, ta janye zane daga fuskar jaririn, ta juya shi wajen ɓular kamar mai kare shi daga rana.

Wata tsohuwa ta ji motsi ta ɗauki muciya. Hindatu ta ce, "Inna, bar ta. Wagga akuya daga nesa ta fito."

Gargaɗi

Ni dai shawara na ba ka, ban ɗauke ka na ɗora kan hanya ba. In ƙafa ta kumbura, in kura ta raka ka, in Atu ya sa ka a waƙa, babu ruwana, kada a kai ni gaban alƙali. Ban kuma yi alkawarin kowane suruki yana da ɓulalliyar danga ba.

Ta Malam Bube dai har yanzu ba ta gyaru ba. Duk mako Dogo yana zuwa a guje ya toshe ta tsaf, kafin ya dawo an zare karan daga ciki. Mai zarewa kuwa ban gan shi ba, ba na shaida.