Saniyar Waya da Na Kai wa Baffa

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Har gobe ba zan manta da ƙarar filayar nan ta yankan waya ba, da ƙarnin jar waya da ya kama min tafin hannu a safiyar wata Asabar, ina datse bakin ƙaho na ƙarshe, ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Lokacin na gama jami'a ina jiran hidimar ƙasa, sai na manne wa Anti Saratu, wata mata mai tebur a Yelwa, daidai inda 'yan keke ke sauke ɗalibai. Da waya take yin 'yan kunne da awarwaro da zobba, wani lokaci har bishiya ko tsuntsu, malaman jami'a su saya su ƙawata ofis. Wata biyar na yi ina koyo a wurinta. Ita sana'a take kiran abin. Ni kuwa a littafina na waƙoƙi na raɗa masa suna "rubutu a kan iska" (ku yi haƙuri da ni, shekaruna ashirin da uku a lokacin).

Hajjo ƙawata ce tun sakandare. A gidan kawunta take zaune a Ƙofar Ran, mahaifinta kuwa, da duk muke kira Baffa, yana can ruga da shanunsa. A shekarar nan ɓarayi suka kore garken gaba ɗaya, har da maruƙa. Hawan jini ya kayar da Baffa, da ƙyar aka lallashe shi ya shigo gari, likita kuma ya ce in ana son ransa, to ya zauna kusa da magani. Kullum da safe sai ya tambayi sandarsa, wai zai koma ya bi sawu. Hajjo ta ɓoye sandar a ƙarƙashin katifarta. Mutanen gidan suka haɗa baki kada kowa ya ambaci shanu a gabansa. Ko mai tallar nono aka hana ta sallama.

Hajjo ta faɗa min duk wannan da bakinta. Ta ce, "Don Allah in kin zo gaishe shi, ki tambaye shi jiki kawai, ki tashi."

Na ce to. Amma a raina na riga na yanke cewa su ne ba su gane ba. Shiru ba ya warkar da mutum, abin da Baffa ke bukata shi ne fasaha, kuma Allah ya sa ga ni a kusa. (Ni da ban taɓa matsawa kusa da saniya ba sai wadda ke cikin miya.)

Kwana tara na yi ina ƙera masa saniya da waya, ina kallon hoto a wayar hannuna. Farar waya na sa a jiki, don Hajjo ta taɓa ce min shanunsu farare ne. Ƙahonin na murɗa su da ja, na ɗaga tozo, na zaro jela. Cikin kuwa, sai na lanƙwaso wayoyi ɗaya bayan ɗaya daga gadon baya zuwa ƙasa, na bar tsakaninsu a buɗe don haske ya riƙa ratsawa. Nan ne wurin da na fi alfahari da shi. Anti Saratu ta ɗaga ta sama ta ce, "Kai, 'yar nan, hannunki ya faɗa! Ajiye ta a gaban tebur, kafin azahar wani farfesa zai ɗauke."

"Kyauta ce, Anti. Wani dattijo zan kai wa."

"To, Allah ya sa ya san darajarta."

Bayan la'asar na hau keke zuwa Ƙofar Ran, saniyata a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Na tarar da baƙi a tsakar gida: dattijai uku daga ruga sun zo dubiya, ga kuma surukin Baffa, mijin babbar 'yarsa, yana zaune can gefen tabarma kansa a ƙasa. Baffa ya rame, amma zamansa a miƙe yake, rawaninsa tsaf. Na durƙusa na gaishe su. Ya ce, "A'a, ƙawar Hajjo ce? Yaya mutanen gida?" Nan ne duk mai hankali za ta tashi ta shige ɗaki. Ni sai na warware takarda.

Har jawabi na shirya tun a keke. Na gyara murya na ce, "Baffa, ɓarawo yana iya kore shanu, amma ba ya iya kore siffarsu daga zuciya. Ga wadda babu mai sace maka."

Hajjo, da ta fito da ruwan baƙi, ta damƙi kafaɗata. "Ke! Tashi mu je ciki." Ina, ya riga ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

Ya duba ƙahonin, ya gyaɗa kai. Ya shafa tozon. Ni har na fara jin daɗi, ina satar kallon Hajjo irin na "kin gani ko?" Sai ya juya ta gefe, ya zura yatsa ta cikinta, yatsan ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren. Ya bi wayoyin nan nawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"'Yata," ya ce, "wannan kwana nawa ta yi a daji kafin ki same ta?"

"Baffa, ai ni na ƙera..."

"Ungulu sun gama da ita."

A lokacin na fara ganin abin da na yi kwana tara ina kallo. Haƙarƙari ne. Farin ƙashi, babu fata, babu nama, irin gawar da makiyayi ke tsinta a bakin busasshen rafi. Ƙwarangwal na naɗo a takarda mai ƙyalli na kawo wa mutumin da ya rasa komai.

Sai wani sauti ya fito masa daga ƙirji, kamar tari. Ashe kuka ne. Wanda bai san Fulani ba ba zai gane girman abin ba: dattijo irin Baffa ba ya zubar da hawaye a gaban mutane, balle a gaban suruki. Dattijan nan uku suka juya fuskokinsu ga bango. Surukin ya tashi ya fice, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Ni kuma (don wautar ta cika) na kai hannu in karɓe abata in gudu. Bai saki ba. Bakin ƙahon ya sarƙe a mayafina. Ga ni durƙushe, a ɗaure da tsoho yana kuka, ina fama da zare, ina ta cewa "yi haƙuri, yi haƙuri," ban san ko da shi nake ko da mayafin ba. Hajjo ce ta fizge, mayafin ya yage.

"Fita," ta ce, muryarta can ƙasa. "Don girman Allah, fita."

Washegari daga sallar asuba Baffa bai dawo gida ba. Bai ma nemi sandarsa ba, reshen darbejiya ya karya a ƙofar masallaci ya nufi tasha. Magungunansa suna nan kan taga. Aka bi shi, aka roƙa, ya ce shi da gari har abada, ba zai zauna inda aka ga hawayensa ba. Bayan wata bakwai ya faɗi a hanyar wata kasuwar shanu, inda yake zuwa duba ko zai ga nasa. Na je ta'aziyya, na zauna can baya, addu'a kawai na iya.

Har yanzu ina murɗa waya, ina da ɗan teburina. Amma na koyi abu guda: in aka ce ki tambayi jiki ki tashi, to ki tambayi jiki ki tashi, waƙar ki bar ta a littafi.

Sai bayan shekara uku Hajjo ta sake yi min doguwar magana, ranar sunan ɗanta na fari. Ta ce da aka buɗe jakar Baffa bayan rasuwarsa, an sami saniyar a ciki. Ya yayyaga wani tsohon rawaninsa, ya cusa mata a ciki, ya naɗe ta da farin ƙyalle har ta yi ƙiba, haƙarƙari ko ɗaya ba ya fitowa. Ƙahonin kaɗai ya bari a waje.